Jan littafin Lojban: babi na 16 ya ci kuɗinsa, babi na 6 kuwa sai da fensir a hannu

Duk wanda ya shiga harkar ƙirƙirarren harshen nan Lojban, ko ba daɗe ko ba jima sai an tura shi ga littafi guda: The Complete Lojban Language na John Cowan, wanda ƙungiyar Logical Language Group ta buga a 1997. Masu harshen suna ce masa jan littafi saboda launin bangonsa. Babi 21 ne, shafi wajen 600, da Turanci aka rubuta shi, kuma bugun da aka yi wa gyara a 2016, mai lamba 1.1, yana nan kyauta a intanet ga mai son saukewa. Wannan sharhi bai ɗauko littafin gaba ɗaya ba. Abu uku aka sa a ma'auni: yadda ya koyar da 'yan kalmomin da ke zuwa gaban suna, yadda ya tsara hurumin kalmomin adadi irin su "duk" da "wani" da "uku", da kuma yadda ya yi da maganar abin da ake so ko ake nema alhali ba lallai ne yana nan ba. A na biyu ya yi aikin da har yau ba a kama ƙafarsa ba. A na farko yana koyar da doka wadda masu magana da harshen suka daɗe da ajiyewa. Na uku kuwa ya kai shi rabin hanya ya sauke.

Lojban harshe ne da aka ƙirƙira, an fara shi a 1987, ya samo asali daga harshen Loglan da James Cooke Brown ya soma tun 1955. An gina shi a kan manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, tushen kalmominsa sama da 1,300 kuma an harhaɗo su ne daga Sinanci, Turanci, Hindi, Sifaniyanci, Rashanci da Larabci. Wajen karatu, *c* tana fita kamar "sh", *x* kamar harafin kha na Larabci, alamar ' kuma kamar "h". Za a ga *da* da *na* da *ku* a misalan da ke ƙasa; ba su haɗa komai da namu na Hausa ba.

A harshen nan babu suna da aikatau yadda muka saba. Kalmar *kanba* ma'anarta "abu kaza akuya ce", *citka* kuma "abu kaza na cin abu kaza". Kafin a mai da irin wannan kalma abin da ake magana a kansa, sai an sa mata wata 'yar kalma a gaba, su ne ake kira *gadri*. Manyan cikinsu uku ne, *le* da *lo* da *la*, sashe na 6.2 ya yi bayaninsu.

*le kanba cu citka le srasu*
Akuyar tana cin ciyawar.

Wannan *cu* ita ce shingen da ke raba abin da ake magana a kansa da abin da ake faɗa a kansa. In aka manta da ita, *kanba citka* sai su manne su zama kalma ɗaya mai ma'anar "maci irin na akuya", jimlar ta tashi ba aikatau. Littafin ya ja kunne a kan wannan tun babi na 2, kuma shi ne kuskuren da sabon shiga ya fi yi.

Bahaushe zai so ya ce *le kanba* ita ce "akuyar", *lo kanba* kuma "wata akuya". Wanda ya yi nahawun Larabci zai ce ai ma'arifa ce da nakira. Kusa ne, amma ba daidai ba, kuma littafin ya yi kyau da ya hana wannan saurin. A wajensa *le* na nufin akwai abin da mai magana ya ƙudurta a ransa, yana siffanta shi da akuya don mai sauraro ya gane, ko da kuwa a haƙiƙa ba akuya ba ce. Saboda haka *le kanba cu lanme*, "akuyar nan tunkiya ce", tana iya zama gaskiya: an hango dabba daga nesa da magariba, da aka matso sai ga tunkiya. Ita kuwa *lo* da'awa take yi cewa abin akuya ce da gaske, don haka *lo kanba cu lanme* ƙarya ce tsagwaronta. *la* ta sunan yanka ce da laƙabi. A nan akwai wata tsohuwar doka a littafin da za ta ci mutanenmu: ya hana suna ya ƙunshi *la*, *lai* ko *doi* sai in baƙi ne ya gabace su, wanda ke nufin Bala da Ladi da Salamatu duk sai an karkata musu baki. Masu harshen sun kashe wannan matsala daga baya da ɗiga aya gaba da bayan kowane suna, *la .balas.*, amma littafin bai san da haka ba.

Inda tafiya ta fara karkacewa shi ne sashe na 6.7. Can aka ce kowace *gadri* tana ɗauke da adadi biyu a ɓoye, ɗaya a waje ɗaya a ciki. *ro* shi ne "duk", *su'o* shi ne "aƙalla ɗaya". In ka rubuta *le kanba*, littafin na karanta shi *ro le su'o kanba*: kowace ɗaya daga cikin abubuwan da nake kira awaki. In ka rubuta *lo kanba*, yana karanta shi *su'o lo ro kanba*: aƙalla ɗaya daga cikin dukan awakin duniya. A takarda abin ya tsaru. A baki kuwa ga abin da yake haifarwa.

Mutum ya dawo daga kasuwa ya sayi awaki biyu, ya rubuta *mi te vecnu lo re kanba*. Bisa dokar littafin, adadin da ke cikin *lo* yana ƙirga dukan abin da ke duniya ne, wato ya ce awaki biyu kacal Allah Ya halitta, shi kuma ya sayi aƙalla ɗaya daga ciki. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne *mi te vecnu re kanba*, ko *re lo kanba*. Ke nan gurbin adadi na ciki a *lo* kusan ba shi da amfani, tunda ba kowa ya san yawan awakin duniya ba. A *le* ne yake aiki sarai: *re le mu kanba cu blabi*, biyu daga cikin awakin nan biyar farare ne. A kula kuma, lamba a Lojban cif take. *re* biyu ne ba ƙari ba ragi. Wanda ya sayi uku ya ce *re kanba* ya yi ƙarya, sai dai ya ce *su'o re*, aƙalla biyu.

Sai batun taro. Mutum bakwai sun haɗa kuɗi sun yi watanda, sun sayi sa guda. In aka rubuta *le ze nanmu cu te vecnu pa bakni*, ɓoyayyen *ro* ɗin nan zai raba maganar kan kowa: kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya sayi sa guda nasa, shanu na iya kaiwa bakwai. Don a ce tare suka yi, littafin ya tanadi wani jeri na daban, *lei* da *loi* da *lai*, masu dunƙule mutane su zama curi ɗaya: *lei ze nanmu cu te vecnu pa bakni*. Wannan dabara ce mai kyau, sashe na 6.3 kuma ya bayyana ta a fili. Amma da aka zo jadawalin 6.7 sai aka ba *lei* ɓoyayyen adadin *pisu'o*, "wani yanki na curin". Ke nan ko mutum biyu ne cikin bakwai suka biya kuɗin, jimlar ba ta yi ƙarya ba, sai an ƙara *piro*, "dukan curin", a gaba kafin ta kama kowa. Da wuya ka ga marubucin da ke tuna wannan. Akwai kuma jeri na uku, *le'i* da *lo'i* da *la'i*, na tari irin na lissafi: *lo'i kanba cu barda* tarin ne yake da girma, ba awakin ba. In ba a lissafi ba, ba kasafai ake buƙatarsu ba.

To, yaya za a ce "akuya na cin ciyawa", maganar ɗabi'ar dabba, ba wata akuya takamaimai ba? *lo kanba cu citka lo srasu* a dokar littafin ba ta wuce "akwai wata akuya da ke cin wata ciyawa" ba. An ajiye *lo'e* domin wannan, akuya irin wadda aka saba gani, da *le'e* domin surar da mai magana ya ɗora wa jinsin a kansa. Sashe na 6.5 da ya yi maganarsu gajere ne ƙwarai, bai kuma faɗi yadda *lo'e* ke zama da sauran adadi a jimla ɗaya ba. Magana irin wannan kuwa ita ce rabin hirar yau da kullum.

Wannan taƙura ce ta sa aka sake lale. Bayan fitowar littafin an daskarar da nahawun na shekara biyar. Da wa'adin ya wuce aka kafa kwamitin tsara harshen, BPFK. Jorge Llambías, wanda aka fi sani da xorxes, ya kawo gyaran da ake kira *xorlo*, kwamitin ya amince da shi a 2004, ƙungiyar ta karɓe shi a 2007. Gyaran a taƙaice: babu sauran ɓoyayyen adadi a kan kowace *gadri*. *lo kanba* na nuni ne kawai ga akuya ko awakin da ake magana a kansu, ɗaya ce ko goma ko jinsin baki ɗaya, yanayin zance ne zai nuna. Adadin ciki yana ƙirga waɗanda ake nufi ne, don haka *lo re kanba* ta zama "awaki biyu" kamar yadda kowa ke zato tun farko. *lo ze nanmu cu te vecnu pa bakni* ta isa ga masu watanda, wanda ke son ya raba wa kowa sansa sai ya fito fili ya ce *ro lo ze nanmu*. Babban aibin bugun 2016 shi ne bai shigar da wannan ba. An gyara kurakuran ɗab'i, an sabunta tsarin shafuka, amma babi na 6 na nan da dokar 1997, kamar kundin shari'a da aka sake bugawa ba tare da kwaskwarimar da majalisa ta yi masa ba. Wanda ya haddace babin ya shiga hira da masu harshen yau, zai riƙa jin ana faɗin abin da a wajensa ƙarya ce ƙarara, su kuma ba su ga laifin komai ba.

Babi na 16 wani labari ne daban. Dokarsa ɗaya ce, kuma tana da sauƙin riƙewa: adadin da ya fara bayyana daga hagu shi ke da hurumi a kan na bayansa.

*ro tadni cu tcidu su'o cukta*
Kowane ɗalibi ya karanta littafi, kowa da nasa ko da sun bambanta.

*su'o cukta cu se tcidu ro tadni*
Akwai wani littafi da kowane ɗalibi ya karanta.

Kalmar *se* aikinta musanya gurbi na farko da na biyu. A jimlar da ba adadi, musanyar ba ta taɓa ma'ana. Da zarar *ro* da *su'o* sun haɗu a jimla, ta zama wuƙa. Haka abin yake in aka jujjuya gurabe da *fa* da *fe*, alamomin gurbi na farko da na biyu: ba lambar gurbi ake dubawa ba, wanda ya riga fitowa a baki ake dubawa. Littafin ya koyar da wannan ta hanyar da ta dace. Ya fara da cikakken tsari, inda ake jera adadin duka a goshin jimla a rufe da *zo'u*, sannan a sashe na 16.5 ya nuna lokacin da ya halatta a jefar da goshin:

*ro da poi tadni ku'o su'o de poi cukta zo'u da tcidu de*

*da* da *de* su ne x da y na masu lissafi, *poi* tana taƙaita su. Kada a raina *ku'o* ɗin nan mai rufe maganar *poi*. In babu ita, *tadni* za ta haɗiye *su'o de* ta mai da shi abin da ɗalibin ke karantawa a makaranta, jimlar ta koma wata aba dabam. Duk lokacin da jimla ta rikice wa mutum, maganinta ya mayar da ita wannan tsari ya karanta daga hagu, a hankali.

Sashe na 16.7 shi ne ya fi kowane amfani. Ɗauki *ci tadni cu tcidu re cukta*, ɗalibai uku, littafi biyu. Ma'anarta: ɗalibai uku ne cif waɗanda kowannensu ya karanta littafi biyu cif. Jimillar littattafan na iya zama biyu, na iya kaiwa shida. In akwai ɗalibi na huɗu da ya karanta bakwai, bai ɓata maganar ba; in na huɗun biyu ya karanta, ta rushe. Juya ta, *re cukta cu se tcidu ci tadni*, sai littattafan su tsaya a biyu, ɗaliban su tashi daga uku zuwa shida. Wanda ke nufin ɗalibai uku, littafi biyu, kowa ya karanta duka biyun, an ba shi *ce'e* ya ɗaure adadin biyu a hurumi guda: *ci tadni ce'e re cukta cu tcidu*. In kuwa sanannun ɗalibai ne da sanannun littattafai, *le ci tadni cu tcidu le re cukta* ta wadatar, domin "duk" da "duk" ba sa rigimar wa ya riga wa.

Korewa ce ke kayar da mutane, Bahaushe ma har da ƙari. A dokar littafin, *na* da ke gaban aikatau ba daga inda take zaune take aiki ba. Tsalle take yi ta koma farkon jimla ta rufe komai. Dubi *ro tadni na klama le zarci*. Ido zai karanta "duk ɗalibai ba su je kasuwa ba", wato ba wanda ya je. Littafin kuwa "ba duk ɗalibai ne suka je kasuwa ba" yake nufi. Mai son ma'anar farko sai ya ce *no tadni cu klama le zarci*, ko ya yi amfani da *naku*, wadda ita daga inda aka ajiye ta take aiki: *ro tadni naku klama le zarci*. Ƙa'idar ƙetarawa kuma ita ce wadda ɗaliban manɗiƙi suka sani a babin kulliyya da juz'iyya: in korewa ta tsallake "duk" sai ya koma "wani", in ta tsallake "wani" sai ya koma "duk". *naku ro da* daidai take da *su'o da naku*.

Yanzu haɗa wannan tsalle da ɓoyayyen adadin babi na 6, ka ga aiki. *lo kanba na blabi* ta zama "babu farar akuya ko ɗaya a duniya". *le kanba na blabi* kuma ta zama "ba dukan awakin nan ne farare ba", wadda gaskiya ce ko da huɗu cikin biyar farare tas ne. A ƙarƙashin *xorlo* wannan tarko ya tashi, tunda *lo kanba* ba ta ɗauke da adadin da korewa za ta juya. Masu rubutu da yawa a yau ma suna ɗaukar *na* daga inda take zaune, saɓanin littafin. Shawara mai kuɓutarwa: duk jimlar da ta haɗa korewa da *ro* ko *su'o* ko lamba, a bar *na*, a sa *naku* a daidai wurin da ake so. Tsohon mai karatu da sabo duk za su fahimce ta iri ɗaya.

Akwai tsaga guda a babin da ya kamata a sani. Sashe na 16.8 ya ce maganar "duk" tana tabbatar da samuwar abin da ake magana a kansa. To, ɗauki zomo mai ƙaho, wanda babu shi. *ro ractu poi se jirna cu blabi*, "duk zomo mai ƙaho fari ne", ta zama ƙarya tunda babu irinsa. Korewarta ke nan gaskiya ce. Ƙetara da korewar bisa ƙa'idar littafin kansa, sai ka samu *su'o ractu poi se jirna ku'o naku blabi*: akwai wani zomo mai ƙaho da ba fari ba. An haifi zomon da aka ce babu. Malaman manɗiƙi na da sun kauce wa wannan rami da cewa magana korarriya ba ta buƙatar samuwar abin da aka yi ta a kansa, amma *su'o* ta Lojban samuwa take tabbatarwa ko ina ta faɗo. Dole ɗaya ta faɗi, ko ƙa'idar ƙetarawa ko sharaɗin samuwa. Wanda ya bar sharaɗin samuwa ya riƙe ƙetarawa ya fi samun lissafi mai tafiya daidai.

Saura na uku, wanda shi ne mai wuyar. Masu manɗiƙi na raba mafhumi, wato ma'anar da ke cikin kai, da abubuwan da ma'anar ta faɗa kansu a waje. "Ina buƙatar likita" magana ce a kan mafhumi: kowane likita ya samu, kuma maganar na nan daram ko da babu likita ko ɗaya a garin. "Akwai wani likita da nake buƙata" magana ce a kan mutum takamaimai. Hausa na raba su ba wahala. A dokar littafin, *mi nitcu lo mikce* tana warwarewa ta zama *su'o da poi mikce zo'u mi nitcu da*, wato ta biyun kaɗai take iya faɗa. Mara lafiyar da ke kiran a kawo masa ko wane likita bai da jimla mai sauƙi.

Maganin da littafin ya bayar, a 16.8 da 11.10, shi ne a tura adadin cikin ƙaramar jimla. *nu* tana mai da jimla ta zama aukuwa, kuma adadin da ke cikinta ba ya fitowa waje. Kwatanta:

*su'o da poi mikce zo'u mi djica lo nu mi penmi da*
Akwai wani likita da nake so in gani.

*mi djica lo nu su'o da poi mikce zo'u mi penmi da*
Ina so in ga likita, ko wane ne.

Kalmomin ɗaya ne, wurin zaman goshin ne ya bambanta. Wannan kam ya burge, kuma a nan ne ake ganin amfanin duk wahalar babi na 16. Ga mai gaggawa an ba shi *tu'a*, wadda ke cewa "wani al'amari game da": *mi nitcu tu'a lo mikce*. Sai dai *tu'a* ba ta faɗin wane al'amari. *mi djica tu'a lo kanba* na iya zama ina so in saya, ina so in yanka, ko ina so a kore ta daga gonata. In bambancin na da muhimmanci sai a buɗe jimlar: *mi djica lo nu mi ponse lo kanba*, ina so in mallaki akuya.

Abin da littafin bai tsaya a kansa ba shi ne, ita kanta *lo nu* tana ƙarƙashin dokar *lo*. In *lo* "aƙalla ɗaya daga cikin waɗanda suke" ne, to *mi djica lo nu...* ta ce akwai wata aukuwa da nake so. Wace aukuwa, alhali ganin likitan bai faru ba, wataƙila ma ba zai faru ba? In aka ce ana ƙirga har da aukuwar da ba ta faru ba, to me ya hana a ƙirga likitan da babu tun farko, a huta da zagaye? In aka sa *le nu*, kamar yadda misalan littafin suka fi yi, an ce akwai wata aukuwa takamaimai a raina, wanda shi ma ba haka ba ne. An ɗaga matsalar hawa ɗaya sama ne kawai.

Wasu kalmomin sun bi ta wata hanya. *sisku*, nema, a jerin kalmomin harshen gurbinta na biyu siffa yake karɓa, ba abu ba: *mi sisku lo ka ce'u ractu gi'e se jirna*, ina neman abin da ke da siffar zama zomo mai ƙaho. Ba a yi da'awar akwai shi ba, magana ta fita tsaf. Amma *nitcu* na karɓar abu, *djica* na son aukuwa, *sisku* na son siffa, *krici* da *djuno* na son *du'u*, wato ƙunshiyar magana. Littafin ba ƙamus ba ne, bai tara waɗannan wuri guda ba. Sai mutum ya riƙa leƙa ƙamusun harshen na intanet, jbovlaste ko la sutysisku, yana duba abin da kowane gurbi ke ci.

A ɓangaren sani da zato ma akwai giɓi. Gamzaki na asuba da Zara ta maraice tauraro ɗaya ne, amma Audu na iya sanin sunayen biyu bai san haka ba. Shin in an musanya suna da suna a cikin *du'u* maganar na nan yadda take? Babi na 11 ya koyar da *du'u* da kyau, ya kuma kawo *kau* mai warware irin "na san wanda ya zo", *mi djuno lo du'u ma kau klama*, amma bai zauna kan wannan tambaya ba. Hanyar da ta fi tsira ita ce a yi maganar a kan sunayen kansu, a kama su da *zo*:

*la .audus. na djuno lo du'u su'o da se cmene zo .gamzakis. .e zo .zaras.*
Audu bai san cewa abu ɗaya ne ke amsa sunayen nan biyu ba.

A lura *su'o da* ta riga *.e* mai haɗa sunayen biyu fitowa. In aka sa sunayen a gaba, maganar na iya rabewa biyu, kowane suna da nasa mai shi, a rasa abin da ake son faɗa.

Shi *xorlo* ya sassauta wannan fanni: *mi nitcu lo mikce* yanzu karɓaɓɓiya ce da ma'anar "ina buƙatar likita", domin *lo mikce* na iya nuni ga likita a matsayin jinsi. Baki ya huta, amma ba kyauta ba. In jinsi ya shiga cikin abubuwan da ake ƙirgawa, bambancin da babi na 16 ya sha wuyar ginawa na iya narkewa. *ro nanmu cu dasni su'o mapku*, kowa na sanye da hula. Shin akwai wata hula da kowa ke sanye da ita? A'a, in huluna ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya. E, in "hula" a matsayin jinsi ta shiga lissafi. Mai rubutun da ke son tsantsar manɗiƙi sai ya tsare kansa: *lo* domin hira da maganar jinsi, *su'o* da *ro* da lambobi domin ƙirga ɗaiɗaiku, kada ya bar su su cakuɗe a hujja guda.

Ta fuskar amfani, littafin na dubawa ne, ba na aji ba. Babu aikin gwaji ko ɗaya a ciki, Turancinsa kuma na wanda ya riga ya saba da kalmomin nahawu ne. Abin da ya cece shi shi ne misalai: kowane da fassarar kalma bayan kalma a ƙarƙashinsa, sannan fassarar ma'ana. Ga mai bin wannan fanni, jerin da ya fi sauƙi shi ne babi na 2, sai 6.2 zuwa 6.8, sai a tsallaka kai tsaye zuwa 16, a dawo 11, a ƙare da 15 mai maganar korewa. A gefen jadawalin 6.7 a rubuta da fensir cewa ɓoyayyen adadi ya tashi. A gefen duk misalin da ke da lamba bayan *lo* a rubuta cewa yanzu waɗanda ake nufi take ƙirgawa. Tsohon rubutu ana gane shi da yawan *le* da *le nu*, sabo kuma da *lo* da *lo nu*, kuma da wannan ake sanin dokar da za a karanta shi da ita.

Manhajojin tantance jimla irin su camxes da jbofi'e suna da amfani wajen kama *cu* ko *ku'o* da aka manta, domin suna nuna yadda kalmomi suka rungumi juna. Ma'ana kuwa ba ruwansu: *ro tadni na klama* da *no tadni cu klama* duk za su wuce lafiya lau. Wadda ke fitar da jimla zuwa alamomin manɗiƙi har a ga wane adadi ya hau kan wane ita ce tersmu, ta Martin Bays. Wajen kawo hujja daga littafin kuma a ambaci lambar sashe, ba ta misali ba, domin bugun 1997 yana sake ƙirga misalai a kowane sashe, na 2016 kuwa yana ƙirga su a jere daga farkon babi zuwa ƙarshensa.